Taku Goma Sha Ɗaya Tsakanin Yaya da Auta

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo daga asibiti ni da Mama. Likita ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ruwan cikin ido ne ya hau yana danne jijiya. Na hagu ya riga ya tafi, wannan sai haƙuri. Na dama kuwa ɗan tsakiyarsa ne ya rage, shi ya sa Mama ke ganin duniya kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Abin da ke gabanta sak take gani, na gefe sai ta juya kai. An sa ranar aiki, Alhamis, nan da kwana ashirin da huɗu. Likita ta ce in aka wuce ranar, ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Muka iso gida. Sai da na zaunar da ita a bakin gado na ɗiga mata magani, sannan ta ce, "Ba wanda zai taɓa mini ido."

Na ce, "Mama, tsoro kike ji?"

"Na haifi uku, tsoron me zan ji? Sai yayanki da Auta sun kai ni, su biyu, a mota ɗaya. In ba haka ba, idon ya bi ɗan'uwansa. Me zan kalla da shi? Katakon da suka kafa a shagon ubanku?"

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Ke za ki je ki shirya su. Amma ba ni na aike ki ba. Ba ki ji abin da likita ta ce ba, ba ki ji abin da na ce ba. In suka zo don an ce musu uwarsu za ta makance, ba shiri suka yi ba, tausayina suka ji. Ba na so."

Ni fa. Ni da tun ina 'yar shekara shida ake kira na Rediyo a gidanmu, don magana ba ta kwana a cikina. Yau ni aka ba asiri.

Na juya littafin awon kwastomomi na fara rubutu daga baya. Tunda an ɗaure bakin, sai hannu ya yi aikinsa.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na rufe shagon ɗinkina na je wajensu. Wata huɗu rabona da wurin.

Shagon kafintan Baba dama ƙofa biyu gare shi. Yanzu sun kafa filawud a tsakiya, daga ƙasa har kusa da rufi. Injin yanka ya faɗa ɓangaren Yaya, injin gogewa ya faɗa ɓangaren Auta. Wanda ya ba da aikin ƙofa, a nan za a yanka masa, ya ɗauka a ka ya zagaya a goge masa a can. Teburin aikin Baba yana tsakiya inda yake tun muna yara. Ba wanda ya yarda ya matsar da shi, sai suka yanke filawud ɗin daidai siffarsa, rabin tebur nan, rabi can. Aikin ya yi kyau, ko allura ba za ta wuce ba. 'Ya'yan Baba ne, ko faɗa za su yi sai sun yi shi da awo.

Ban kalli ƙasan teburin ba, inda Baba ya faɗi ranar da ya rasu.

Injinan biyu suna ruri, sai da ihu ake magana. Na ce wa Yaya zuwa na yi mu tsara wanda zai kai Mama asibiti. Su a saninsu ɗan ƙaramin aiki ne. Ya ce, "Ni zan kai ta. Ki ce wa wancan in yana son zuwa ya zo bayan na tafi."

Na fita. Daga ƙofarsa zuwa ta Auta taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. A taku na shida na tsaya na yi wa maganar abin da nake yi wa riga in ta matse mai ita.

Na ce wa Auta, "Yaya ya ce zai kai Mama, yana tambaya ko kai ma za ka samu zuwa."

Ya kashe mini ido ɗaya saboda dusar katako. "Shi ya tambaya?"

"Shi."

"Ki ce masa uwata ce, ba sai an gayyace ni ba."

Na koma na ce wa Yaya, "Auta ya ce ai dole ya zo, Mama ta ku duka ce."

Yaya ya daɗe yana kallon filawud ɗin.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyu ke nan.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ticha, maigidana, ya gane akwai wani abu. Shekara goma sha takwas muna tare, ya ce bai taɓa cin abinci cikin shiru kwana uku a jere ba, har ya fara jin ƙarar taunarsa. Na ce masa ina kai saƙo tsakanin Yaya da Auta ne kawai. Ya ce, "Wa ya aike ki?" Na ce ba kowa. Ya sauke tabarau ya dube ni yadda yake duban ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida.

Mutumin da ke koyar da Turanci ba ya ganin abu ya bar shi ba suna. Ya ɗauko ƙaton ƙamusunsa ya ce akwai kalmar da ta dace da ni. Ya karanta, ya fassara mini: mutumin da wani babba ya tura da saƙo na musamman, ya yi magana a madadinsa. Ya ƙara sa yatsa ƙasa ya ce, wani lokaci kuma wanda aka tura a ɓoye, ba a san wa ya turo shi ba. Ya ce, "Ke wanne ce?"

Na ce, "Ni tela ce. Miƙo mini gishiri."

Ya rubuta mini kalmar a 'yar takarda wai in haddace. Na ninke ta huɗu na cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin kekena, wanda ya shekara yana rawa. 'Yan'uwana biyu kafintoci, tebur ɗina takarda ke riƙe da shi.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Zuwa huɗu, dawowa huɗu. An ce zumunci a ƙafa yake, to nawa ya fara cinye mini takalmi.

Yaya ya ce, "Ki ce masa katakonsa ya tare hanya, ya kwashe ko in zubar." Na kai: "Yaya ya ce ka shigar da katakonka kada ruwa ya taɓa shi."

Auta ya ce, "Ki ce masa ba shi ya saya mini ba." Na kai: "Auta ya ce ya gode."

Ba ƙarya nake yi ba. Ragewa nake yi a wuya, in ƙara a hannu. Na san abin da ke cikinsu, bakinsu ne bai iya fito da shi ba.

Da na biya wajen Mama ta ce, "Me suka ce?" Na ce suna ta sassautowa. Ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta sa ni a tsakiyar idon, ta ce, "To."

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Saura kwana goma sha bakwai.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau Auta ya ja ni bakin ƙofa, nesa da ƙarar inji. Ya rame. Tun yana goye a bayana na san shi, in abu yana cin sa sai ya riƙa murza babban yatsansa.

Ya ce, "Anti, ranar da Baba ya rasu, minti ashirin kawai na yi a waje. Ƙusa na je saye. Shi Baba da kansa ya aike ni, ya ce inci uku ta ƙare. Na ce a bari sai an jima, ya daka mini tsawa. Ki tambayi Yaya ko ya san wannan."

Na ce masa mu bar tone-tone.

"Ki tambaye shi dai. Yadda na faɗa miki."

Na yi takun. A na shida na tsaya, na juya maganar ta kowane gefe, ban ga inda zan rage ba, ban ga inda zan ƙara ba. In na ambaci ranar nan, Yaya zai tashi kamar an zuba wa wuta fetur, aikin kwana tara ya rushe. Na shiga na ce masa, "Auta yana gaishe ka."

Sau ɗaya a rayuwata na kai magana tsakanin su biyun nan yadda aka faɗe ta, ban rage ko harafi ba. Ba a ma aike ni ba. A tsakar gidan Mama Yaya ya faɗe ta a kan Auta da rasuwar Baba, idonsa jawur, ni kaɗai ce a wurin. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Na ɗinke wa wata kwastoma bakin aljihu duka biyu. Ta zo gwaji ta sa hannu ta rasa hanya. Ta ce, "Lafiya dai?" Na ce sabon yayi ne, ba ta yi dariya ba. Na zauna na warware.

Teburin nan yana ta rawa.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Mama ta zuba shayi a gefen kofi. Ta ji ɗumin a ƙafarta kafin ta gani. Na yi kamar ina neman wani abu a jaka har ta goge.

Na ce, "Mama, ki bari a yi aikin nan. Su biyun za su shirya a hankali, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Ta ce, "Harshe da haƙori ba sa kafa katako a baki."

"In ranar ta zo ba su shirya ba fa?"

"Sai in zauna. Na ga abin da na gani a duniya. Na ga ubanku yana saurayi, ke ba ki gani ba."

Na ji haushinta, zan faɗa. Na ji kamar in ɗauke ta cak in kai ta asibitin da ƙarfi. Amma na san wadda ta haife ni. Taurin kan da ke bayan filawud ɗin nan, gefe da gefe, ba a wajen Baba suka samo shi ba.

Ta ce, "Me suka ce jiya?" Na ce Yaya ya tambayi lafiyar yaran Auta. Ta ce, "Yayanki?" Na ce e. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata ya fara damuna.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Saura kwana tara, don haka yau na yi babban ɗinki.

Na ce wa Yaya, "Auta ya ce ba shi da wani babba a duniya sai kai. Yana so ya zo ya ba ka haƙuri kan raba shagon, ranar Asabar." Yaya ya kashe injinsa na ɗan lokaci, ya share fuska da gefen riga. Ya ce, "Ƙofa a buɗe take." Ya sake kunnawa.

Na ce wa Auta, "Yaya ya ce bakinsa ne ya yi kuskure, zafin rashi ne. Zai shigo ya same ka ranar Asabar." Auta ya murza yatsa ya ce, "Kin faɗa masa maganar ƙusar?" Na ce e.

Dabarata ita ce in fito da kowa bakin ƙofarsa a lokaci ɗaya, su haɗu a tsakiya, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ya taho. In ido ya ga ido, sauran mai sauƙi ne.

Na ce e. Wannan kam ba ragewa ba ce, ba ƙari ba ce.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana

An kira daga asibiti a tabbatar muna nan zuwa mako mai zuwa. Na ce muna nan. Mama tana zaune kusa da ni tana jan carbi, ta ce, "Ki daina yi wa mutane alkawari da idon wani."

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Ticha ya ce na yi magana a barcin rana. Na ce me na ce? Ya ce lissafi nake yi, in na kai shida sai in tsaya.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta yadda ya faru, a jere.

Na isa ƙarfe sha ɗaya. Yaya ya sa riga mai tsabta a ƙarƙashin ta aiki, na lura. Injinsa na ruri, na Auta na ruri. Ya sunkuyo ya yi mini ihu a kunne: "Tun safe nake jira! Ki ce masa in zai zo ya zo, ni ina da aiki!"

Na fita. Titi cike da ƙarar motoci, kaina cike da abin da zan faɗa. Ina tafe ina gyara shi. Ban san an ɗauke wuta ba. Wallahi ban sani ba. Na faɗa ƙofar Auta, na buɗe murya yadda na saba kwana goma sha tara, iya ƙarfina:

"Yaya ya ce ga shi nan fitowa, kunyarka ce ta riƙe shi!"

Sai na ji muryata ta daki rufi ta dawo. Ba inji ko ɗaya da ke motsi.

Daga bayan filawud aka ce, "Ni? Ni na ce haka?"

Wata huɗu, wannan ce maganar farko da ta ratsa katakon nan.

Auta ya dube ni, ya dubi katakon. Ya ce, ba da ni yake ba, "Ba kai ka ce za ka shigo ka ba ni haƙuri ba?"

"Ni in ba ka haƙuri? Kai aka ce za ka zo!"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba ka da babba sai ni ba?"

"Ban ce ba. Kai ka ce in shigar da katako kada ruwa ya taɓa?"

"Cewa na yi ka kwashe ko in zubar!"

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, ta cikin katako, ina tsaye. Ashe duk suna riƙe da su, kowace kalma. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, yadda kowa ya adana abin da na ƙirƙira masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko tsawon shagon bai kai ba.

Yaya ya ce, "Ke dai ke ce. Wancan karon kin kai maganar da ba a aike ki ba. Yanzu kin kawo wadda ba a yi ba."

Auta ya ce, "Waccan da kika kawo mini, Anti, ba ki rage mata komai ba."

Na sunkuyar da kai.

Sai Auta ya matsa jikin katakon, daidai kan teburin Baba. Muryarsa ta sauka. "Ta faɗa maka Baba ne ya aike ni sayen ƙusa ranar?"

Har ina jin wani yana tallar ruwa a titi.

Yaya ya ce, "Ba ta faɗa ba."

"Inci uku. Na ce a bari, ya yi mini tsawa."

Sannan Yaya ya ce, a hankali, "Ni na ƙarar da inci ukun. Da safe."

Duk saƙonnin da na yi ta wankewa ina gogewa, ashe guda ɗaya ne ake bukata, kuma shi ne na ajiye a taku na shida.

Daga nan suka juyo kaina su biyu, ɗaya a gabana ɗaya ta bayan katako. Wa ya sa ki? Me muka yi miki? Kin mai da mu yara? Yaya ya ce "mu" sau uku, na ƙirga duk da ina kuka. Ya ce in faɗi wanda ya aiko ni ko kada in ƙara taka shagon.

Sai rediyo ta kama tasha. Na faɗa musu duka. Abin da likita ta ce, na hagu da ya tafi, bakin kwalba, shayin da ya zube. Na faɗi maganar Mama yadda ta faɗe ta, har da "idon ya bi ɗan'uwansa", har da cewa ba ta son tausayi. Ban rage ba.

Aka kawo wuta, injinan biyu suka tashi tare don ba wanda ya kashe nasa. Na ɗauki jakata na fito.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ba wanda ya kira.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na je na ɗiga wa Mama magani. Ba ta ce "me suka ce" ba. Ni ma ban ce komai ba. Mun yi hirar tsadar zare.

Na karya mata alkawari, na ɓata da su biyun, kuma ban san ko za su zo ba. In sun zo ma, ta ce irin wannan zuwan ba ta so. Ticha ya ce in ci abinci.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Gobe ne. Na haɗa mata jaka ba ta sani ba, na ɓoye a bayan ƙofa. Ba wuya a ɓoye wa Mama abu yanzu, a gefe kawai za a ajiye. Da na tuna haka sai na zauna a ƙasa.

Alhamis, ƙarfe uku na rana, a bencin asibiti

Ƙarfe bakwai saura na ji tsayuwar motar shago a ƙofar gida. Na leƙa. Yaya ne ke tuƙi, Auta yana gefensa, kowa yana kallon tagarsa. Suka shigo suka durƙusa suka gaishe ta. Ni ko kallo ban samu ba.

Mama ta juya kai ta ga wannan, ta juya ta ga wancan. Ta ce, "Rediyo."

"Na'am, Mama."

"Kin faɗa musu?"

Auta ya yi mini alama da ido in ce a'a. Yaya ma, wanda ba ya yi da ni, ya ɗan girgiza kai. Na gaji da gyara. Na ce, "Na faɗa, Mama. Duka. Ranar Asabar."

Ta yi ta lissafi da yatsu.

Ta ce, "Kwana goma sha tara. Ni uku na ba ki."

Na ce, "Mama?"

"In ina son asiri ya zauna, ke zan ba? Na zauna ina ta jira, kullum ki zo mini da wai yayanki ya tambayi lafiyar yara. Yaushe ya taɓa tambayar lafiyar wani? Kin kusa makantar da ni da riƙon amana. Ɗauko jakar da kika ɓoye a bayan ƙofa."

Auta ya fashe da dariya ya toshe baki. Yaya ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi.

A bakin mota ta tsaya ta ce, "Tausayina ya kawo ku?" Yaya ya ce, "Mun yi magana, Mama." Ta ce, "Da bakinku?" Auta ya ce, "Da bakinmu." Ta shiga.

An fito da ita ƙarfe ɗaya. Likita ta ce aiki ya yi kyau. Su biyun suna can ƙarshen benci suna gardamar ko ƙofar ɗakin nan katakon gaske ce. Ni ina wannan ƙarshen.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An cire bandeji. Likita ta ce abin da ya tafi ya tafi, amma abin da ya rage ya tsira, in ana kiyaye magani.

Mama ta ƙifta ido ta daɗe. Yaya yana tsaye a dama da gadon, Auta a hagu. Ta ce, "Ba zan yi ta juya wuya ba, an ce kada in motsa kai. Ku koma ƙafar gado." Suka koma. "Ɗaya nake gani. Ku matso." Suka matsa kaɗan. "Rabin Auta nake gani." Sai da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ta ce, "Yawwa. Ku tsaya haka."

Ta bar su a tsaye kusan minti biyar. Ba wanda ya motsa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ina kan keke sai ga Auta a ƙofar shagona, dusar katako har a girarsa. Ya ce ba a cire filawud ɗin duka ba tukuna, falle ɗaya suka ɓalle, na kan teburin Baba, don a riƙa miƙa katako. Ya tsaya yana murza yatsa.

Ya ce, "Yaya ne ya aiko ni. Ya ce a gaishe ki, ya ce komai ya wuce, ke 'yar'uwa ce ta gari."

Na ɗaga ƙafa daga keke na dube shi.

"A taku na nawa ka tsaya?"

Ya sosa ƙeya. "A bakin shagon mai faci."

"Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Anti, ba daɗi."

"Faɗi."

Ya gyara murya, ya ɗaure fuska irin ta Yaya. "Ka je ka ce wa waccan maƙaryaciyar ta kawo teburin nan nata mai rawa, kafin ya faɗo ya karya mata ƙafa mu shiga uku da surutu."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya kuma ba dariyar ba ce. Wannan kam Yaya ne.

Muka sauke keken tare. Da ya ɗaga teburin, 'yar takardar Ticha ta faɗo, ta lanƙwashe ta yi baƙi. Auta ya ce mene ne wannan? Na ce sunan aikin da na bari ne.

Ya ɗora teburin a ka, ya ce, "Me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ce masa shekara guda ina roƙo, sai yau ya ga dama, kuma in ya ɓata mini fenti sai ya sake. Yadda na faɗa za ka faɗa. Gobe zan zo in tambaye shi da kaina."